Delaware da Sturgis: me masanin halayya yake yi a binciken kisan kai, kuma me ya riƙe labarin shekara 40?

Tambaya: Na karanta uku daga cikin littattafan Jonathan Kellerman, waɗanda masanin halayyar ɗan Adam Alex Delaware yake taya ɗan sanda Milo Sturgis binciken kisan kai a Los Angeles. Shin da gaske 'yan sanda suna aiki da masanin halayya haka? Kuma yaya aka yi mutum biyu suka riƙe labari tun 1985 bai mutu ba? Ina sha'awar rubuta irinsa.

Amsa: Malam, tambayoyin naka biyu ne, amma bakinsu ɗaya. Babu rundunar 'yan sandan da za ta bar farar hula ya riƙa bin jami'inta kullum, daga inda aka tsinci gawa har ƙofar gidan wanda ake zargi. Wannan dabarar marubuci ce. Sai dai in ka tsinci ayyukan Delaware ɗaya bayan ɗaya, kamar hira da yaron da ya ga abin tsoro, da karanta fayil ɗin asibiti, da sanin inda sirrin majinyaci ya tsaya, za ka tarar duk aikin gaske ne. Abin da ya riƙe labarin kuwa shi ne kowane ɗayansu yana da ƙofar da ɗan'uwansa ba ya iya shiga. In ka gane wannan ka gane ginin gaba ɗaya.

Fara da marubucin, don daga wurinsa ingancin ya fito. An haifi Kellerman a 1949, ya yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1974, ya kuma yi aiki a asibitin yara na Los Angeles tare da yara masu cutar daji da iyayensu. Kafin ya fitar da labarin bincike ko ɗaya ya riga ya wallafa littafin ilimi kan halin da yara masu wannan cuta suke shiga. Littafin farko na jerin, When the Bough Breaks, ya fito a 1985, ya ci kyautar Edgar, wadda ake ba marubutan labaran bincike a Amurka, ta littafin farko mafi kyau a 1986, kuma a shekarar aka mayar da shi fim na talabijin. Na 40 ya fito a 2025, ka ga kusan littafi ɗaya ke nan kowace shekara. Mutumin da ya daɗe yana zama da yara masu ciwo da iyayen da hankalinsu ya tashi ya san yadda mutane suke magana lokacin da suke ɓoye wani abu, ya san kuma yawancin masu ɓoyewar ba masu laifi ba ne, kunya ce ko tsoro. Wannan sanin shi ne jarin littattafan.

Ga yadda aka raba kayan aiki tsakanin mutanen biyu. Sturgis ɗan sandan binciken kisan kai ne a ofishin Yammacin Los Angeles, daga baya ya zama laftana. Yana da katin shaida da bindiga, yana iya neman takardar izinin bincike daga alƙali, yana iya ganin rahoton likitan da ya binciki gawa, yana iya kama mutum. Amma da zarar ya nuna katin nan, baki ya rufe. Delaware kuwa masanin halayyar yara ne. A lura, ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, ba ya rubuta magani, kuma masu karatu da yawa suna haɗa biyun. Ba shi da ikon tilasta wa kowa komai. Abin da yake da shi shi ne kalmar "Dakta" a gaban sunansa, da sanin yaren asibiti da na makaranta da na kotun iyali. Nas ɗin da ba za ta ce wa ɗan sanda uffan ba tana iya sakin jiki da abokin aiki. Uwar da ta rufe wa Sturgis ƙofa tana iya buɗe wa mutumin da ya tambaye ta yadda yaronta yake barci tun da abin ya faru. Ɗaya yana da iko ba a son yi masa magana, ɗaya ana yi masa magana ba shi da iko. Shi ya sa duk babin da ya haɗa su yana da dalili.

Marubucin ya ƙara wani abu da ya sa haɗin ya yi ma'ana. Sturgis mai neman jinsi ɗaya ne a rundunar da a shekarun 1980 ba ta ɗaukar hakan da sauƙi, don haka abokan aikinsa suna gudunsa. Ɗan sandan bincike kuwa yana buƙatar wanda zai zauna su juya magana. Tun da bai samu a ofis ba, sai ya samu a kicin ɗin Delaware, inda ya saba buɗe firiji ya cinye abin da ya tarar. Da an yi shi ɗan gaban goshin shugabanni, mai abokin aiki na hukuma, da babu abin da zai kai shi wurin farar hula sau 40.

Yanzu matakan bincike, yadda suke a zahiri da yadda littattafan suke bin su. Ana samun gawa, 'yan sandan sintiri su killace wurin, su fara rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa. Gawar kanta ba ta ɗan sandan bincike ba ce, tana ƙarƙashin ofishin binciken gawa na gundumar Los Angeles, kuma ba a juya ta sai jami'in ofishin ya iso. Masu ɗaukar hoto da zanen yatsa su yi nasu. A bi maƙwabta ƙofa ƙofa. A gano sunan mamacin, a je a sanar da dangi, wanda shi ne kuma zaman tambaya na farko ko da ba a kira shi haka ba. Duk takardar da ta fito, da hoto, da bayanin shaida, ana jera su a babban fayil guda na wannan kisan, wanda 'yan sandan birnin suke yi wa laƙabi da littafin kisa, kuma daga nan aka samo sunan littafi na 16 a jerin, The Murder Book. In an kama mutum, dokar Kalifoniya ta ce a kai shi gaban alƙali cikin awa 48, ban da Lahadi da ranakun hutu. Wannan agogon yana da amfani ƙwarai ga marubuci, don yana hana ɗan sanda kama mutum tun hujja ba ta nuna ba.

A cikin waɗannan matakai, masanin halayya na gaske yana shiga ne a wuri uku ko huɗu kawai: ba da shawara kan yadda za a yi wa wani tambayoyi, hira da yaro ko mai rauni, duba ko laifuka biyu aikin hannu ɗaya ne, da fassara takardun asibiti. Yawanci ma daga ofis yake yi, da takardu da hotuna. Sauran duk tafiyar ƙafa ce da jiran sakamakon gwaji.

Abin da mutane suka fi zato, wato masanin ya kalli gawa ya faɗi shekarun mai kisan da irin motarsa da yadda uwarsa ta rene shi, shi ne mafi rauni a aikin. Labarin da ya haifi wannan zaton na James Brussel ne, likitan ƙwaƙwalwa a New York. Wani mutum ya yi ta dasa bama-bamai a birnin daga 1940 zuwa 1956, 'yan sanda suka je wurin Brussel ya zayyana musu siffarsa. A Janairun 1957 aka kama George Metesky a garin Waterbury, kuma labarin da ya bazu shi ne har irin kwat ɗin da zai sa Brussel ya faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba zayyanar ce ta kai ga kama shi ba. Wata ma'aikaciyar kamfanin lantarki na Con Edison ce ta tono tsohon fayil na wani ma'aikaci da ya ji rauni a bakin aiki ya yi ta rubuto ƙorafi, ta ga kalmominsa sun yi daidai da na wasiƙun mai bam ɗin. Takarda ce ta kama shi.

Akwai inda abin ya taimaka. A Ingila, David Canter ya duba wuraren da aka yi wasu fyaɗe da kisa kusa da tashoshin jirgin ƙasa, ya nuna yankin da mai laifin zai fi yiwuwa yana zaune, wannan ya sa 'yan sanda suka mayar da hankali kan John Duffy, wanda aka kama a 1986. Lura da cewa Duffy yana cikin jerin sunayen da suke hannunsu tun farko. Canter ya taya su tace jerin ne, bai ciro suna daga sama ba. Akwai kuma inda ya yi ɓarna mai muni. Bayan kisan Rachel Nickell a filin Wimbledon na Landan a Yulin 1992, 'yan sanda suka ga wani mutum, Colin Stagg, ya yi kama da zayyanar da masanin halayya ya ba su. Suka tura 'yar sanda ta yi shigar burtu tana nuna tana sonsa don ta jawo shi ya amsa laifi. Bai amsa ba, duk da haka aka gurfanar da shi. A 1994 alƙali ya yi watsi da hujjar, aka sallame shi. Sai a 2008 ainihin mai kisan, Robert Napper, ya amsa laifinsa bayan gwajin DNA ya nuna shi, kuma a tsakani ya riga ya kashe wata mata da ƙaramar 'yarta a 1993. Dalilin ɓarnar a fili yake: an mayar da hasashe ya zama hujja, aka daina neman kowa.

Matsalar zayyana irin wannan ita ce matsalar ɗan duba. In ya ce maka akwai wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka, kai ne za ka cike sunan, ka kuma tafi kana yabon ganinsa. Laurence Alison da abokan aikinsa a Jami'ar Liverpool sun gwada haka: suka ba rukuni biyu na 'yan sanda zayyana iri ɗaya, amma kowane rukuni aka ba shi bayanin mai laifi dabam, kuma akasarin kowane ɓangare suka ce zayyanar ta dace da nasu mutumin. Abin yabo a littattafan Kellerman shi ne Delaware ba ya cika yin wannan bugun ƙasar. Yana kawo yiwuwa biyu ko uku, Sturgis ya yi musu ba'a, su je su gwada, sau da yawa ta farkon ta rushe. Hasashen yana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa gobe ne kawai. In za ka rubuta naka, riƙe wannan ƙa'ida: duk abin da masaninka ya faɗa, sai wani abu da za a iya ajiyewa a gaban alƙali ya tabbatar da shi ko ya ƙaryata shi, kuma ka bar shi ya yi kuskure aƙalla sau ɗaya a kowane littafi, kuskuren da zai ci wa binciken kwanaki.

Inda ilimin yake da nauyi na gaske shi ne hira da yara, kuma da ita jerin ya fara. A littafin farko an kashe wani likitan ƙwaƙwalwa, wadda ake zaton ta ga wani abu yarinya ce 'yar shekara 7, shi ya sa Sturgis ya nemi Delaware. Littafin ya fito ne ana tsakiyar shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Manhattan Beach, cikin gundumar Los Angeles ɗin. An fara zargin a 1983, aka yi hira da ɗaruruwan yara, shari'a ta ja har 1990, ba a samu kowa da laifi ba. Da aka koma kan faifan hirarrakin, sai aka ga masu tambayar suna sa wa yaran magana a baki: su maimaita tambaya har yaro ya canza amsa, su yaba masa in ya ce "e", su ce masa sauran yara duk sun faɗa. Daga irin wannan kuskure aka gina tsarin da ake bi yanzu, wanda mafi shahararsa shi ne na NICHD, cibiyar binciken lafiyar yara ta Amurka.

Tsarin yana tafiya kamar haka. Ɗaki mara kayan wasa masu ɗauke hankali, mai tambaya ɗaya, kyamara tana ɗauka tun daga sallama, iyaye ba sa ciki. Mai tambaya ya gabatar da kansa, ya kafa ƙa'idoji: in ba ka sani ba ka ce ban sani ba, in ban fahimce ka ba ka gyara mini, in na yi kuskure ka faɗa. Ba faɗa kawai zai yi ba, sai ya gwada yaron, misali ya kira shekarunsa ba daidai ba ya ga ko zai gyara. Sannan ya sa shi ba da labarin wani abu mara nauyi, kamar yadda ya yi jiya daga tashi barci zuwa kwanciya, don yaron ya saba da cewa shi ne mai magana, babba mai sauraro. Bayan haka ne ake shiga batun, da buɗaɗɗiyar tambaya: "Faɗa mini dalilin zuwanka yau." In yaro ya ambaci mota, sai a ce "ƙara ba ni labarin motar", ba "jar mota ce?" ba. Tambayoyin wa, ina, yaushe suna zuwa daga baya. Tambaya mai amsar "e" ko "a'a" ita ce ta ƙarshe, kuma kaɗan. Tambayar da ta ɗauko abin da yaron bai ambata ba haramun ce a aikin. Dalili shi ne ƙaramin yaro yana ɗauka babba ya riga ya san amsa, in aka maimaita tambaya sai ya zaci ta farkon ce ba daidai ba. Kuma abin da aka dasa masa yau, mako mai zuwa zai faɗe shi da zuciya ɗaya a matsayin abin da ya gani, ba ƙarya yake yi ba, tunanin ne ya gurɓata, kuma ba ya wankuwa.

A nan littattafan farko suna nuna shekarunsu. Delaware yana amfani da hifnosis, wato sa mutum cikin yanayi mai kama da gyangyaɗi don ya tuno abin da ya manta. Kotun ƙolin Kalifoniya ta riga ta ƙi karɓar shaidar da aka farfaɗo ta wannan hanya tun 1982, don hanyar tana ƙara wa mutum tabbaci ba tare da ta ƙara masa daidaito ba. Ɗan sandan da ya bari aka yi wa shaidarsa tilo haka yana iya rasa ta a kotu. Kada ka kwaikwayi wannan.

Abu na biyu mai nauyi, wanda a ganina shi ne ainihin injin jerin, shi ne amanar sirri. Ɗan sanda aikinsa ya tono, masanin halayya aikinsa ya rufe, ga su kuma abokai. Dokar tana da dalla-dalla, kuma daga dalla-dallar ake samun labari. Asali, abin da majinyaci ya faɗa a ɗakin magani sirri ne, kuma a 1996 kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan kariya a kotunan tarayya a shari'ar Jaffee da Redmond. In mutum ya ce wa masanin ya yi kisa shekara goma da suka wuce, a ƙa'ida ba a kai shi ƙara. Amma in ya yi barazana mai tsanani ga wani da za a iya ganewa, lamarin ya juya. Wannan ya samo asali daga Berkeley a jihar Kalifoniya, inda a 1969 wani ɗalibi ya gaya wa masanin halayyar jami'a zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff, ba a sanar da ita ko iyayenta ba, ya kuwa kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta ce wajibi ne mai magani ya ɗauki matakin kare wanda ake yi wa barazana. Cin zarafin yaro kuma babu zaɓi a kansa: zargi mai tushe ya isa, a buga waya nan take, a aika rahoto a rubuce cikin awa 36. Mutuwar majinyaci ba ta buɗe fayil, kariyar tana komawa hannun mai kula da gadonsa. Haka kuma in wanda aka kashe mai magani ne, Sturgis ba ya iya kwashe fayilolin majinyatansa ya karanta, ko da ya tabbata sunan mai kisan yana ciki.

Shari'ar 'yan'uwan nan biyu, Menendez, da suka kashe iyayensu a Beverly Hills a 1989 ta nuna yadda bakin iyakar yake da kaifi. Sun faɗa wa masanin halayyarsu abin da suka aikata, kuma a 1992 kotun ƙolin jihar ta yarda a yi amfani da wani ɓangare na bayanan zaman, saboda masanin ya ce sun yi masa barazana. Sauran zaman kuwa hukuncin ya bar su a rufe. Zama ɗaya a buɗe, na kusa da shi a rufe, ya danganta da abin da aka faɗa a cikinsa.

Akwai tarko biyu da sababbin marubuta suke faɗawa a nan. Na farko, su sa masanin ya shiga ɗakin da ake tsare da wanda ake zargi ya yi masa hira cikin taushi har ya amsa laifi. In yana yi wa hukuma aiki, to shi ma hannun hukuma ne, dole a gargaɗi mutumin cewa yana da 'yancin yin shiru, kamar yadda kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Estelle da Smith a 1981. In ba haka ba lauya zai sa a zubar da maganar. Na biyu, su sa mutum ɗaya ya zama mai yi wa yaro magani kuma mai tattara wa 'yan sanda hujja daga bakinsa. Ayyukan biyu ba sa haɗuwa: mai magani yana tare da majinyaci, mai tantancewa don kotu ba ya tare da kowa, kuma dole ya faɗa tun farko cewa abin da za a gaya masa ba sirri ba ne. Kellerman ya san wannan, shi ya sa ya ba Delaware sana'ar tantance rigimar riƙon yara a kotun iyali. Daga nan yake cin abinci, daga nan kuma yake da alƙalai da lauyoyin da zai buga wa waya.

Sai batun daɗewa. Abu na farko, an daskarar da shekaru. Delaware yana da shekara 33 a littafin farko, Sturgis kuma tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne. Da ana lissafi da gaske, da ɗan sandan ya yi ritaya tun tuni. Marubucin sai ya bar duniya tana tafiya, wayar salula ta shigo, gwajin DNA ya shigo, kyamarorin tsaro suka cika titi, amma mutanen suna tsufa a hankali ƙwarai, kuma aka daina ambaton abin da zai tona lissafin. Na biyu, kayan gida kaɗan ne kuma ba sa canzawa: gida a Beverly Glen da tafkin kifi, tsohuwar mota Cadillac Seville, Robin mai ƙera jita, da ƙaramin kare. Mai karatu yana shiga ya tarar da komai inda ya bar shi, don haka shafi biyu sun isa gaisuwa, sai gawa. Na uku, kowane littafi yana tsaye da ƙafarsa, ana iya farawa daga ko'ina. Na huɗu, birnin kansa. Los Angeles tana da rundunar birni, da ta shugaban 'yan sandan gunduma, ga Beverly Hills da Santa Monica kowace da tata, kuma kowane littafi yana buɗe wata duniya: asibitin yara a Devil's Waltz na 1993, inda ake zargin wani na jikin yarinya ne yake sa mata ciwo da gangan, wani littafin gidan masu taɓin hankali da suka yi kisa, wani makarantar 'ya'yan masu kuɗi. Mutanen biyu ba sa canzawa, wurin da suke shiga ne sabo.

An ɗan girgiza ginin lokaci lokaci don kada ya yi tsatsa. An taɓa dakatar da Sturgis daga aiki, gidan Delaware ya taɓa ƙonewa, shi da Robin sun rabu na wasu littattafai a farkon shekarun 2000 kafin su dawo. A The Murder Book na 2002 an bar bakin Delaware, wanda shi ne mai ba da labari kullum, aka shiga kan Sturgis a wasu babobi, aka koma wani kisa da ya gagare shi yana sabon ɗan sandan bincike. A ganina yana cikin mafi ƙarfi a jerin, don a nan ne aka ga me zaman saniyar ware ya ci masa. Gwajin da bai yi armashi sosai ba shi ne The Web na tsakiyar shekarun 1990, da aka kai Delaware wani tsibiri a tekun Fasifik, Sturgis sai ta waya. Da aka cire ɗaya, sai ɗayan ya koma ɗan yawon buɗe ido mai yawan tambaya.

Lahanin da ya zo da tsawon rai shi ma a faɗe shi. A littattafan farko Delaware yana shiga bincike ne ta dalilin majinyaci, yana da abin da zai rasa, amana tana ja nan, abota tana ja can. A na baya-bayan nan sau da yawa waya ce kawai: Sturgis ya ga kisa mai ban mamaki ya kira shi. Sai masanin ya zama ɗan sanda na biyu mara bindiga, yana tuƙi, yana bincike a intanet, suna cin abinci suna jera hasashe. Ana karantawa da daɗi, amma an rasa abin da ya bambanta shi da kowane labarin 'yan sanda. Gwajin da za ka yi wa naka rubutun ke nan: ɗauki kowane babi da masanin ya fito, ka tambayi kanka ko wani kofur mai wayo zai iya yin abin da ya yi. In amsar "e" ce a fiye da rabin babobin, ba ka buƙatar masanin.

Ga ma'auni da zai taimaka wajen tsara littafi ɗaya. Gawa ta bayyana a babi na farko ko na biyu. Mutanen da za a zarga kada su wuce huɗu ko biyar, kowanne da abin da yake ɓoyewa, amma ɗaya ne kawai ɓoyonsa kisa ne, sauran bashi ne ko cin amanar aure ko abin kunyar dangi. Aikin masanin shi ne rarrabe wace ƙarya ce ta kunya, wace ce ta jini. Sa aƙalla hira biyu da ɗan sanda ba zai iya yi ba, da wuri ɗaya da masanin ya san wani abu amma amana ta hana shi faɗa, mai karatu yana gani, abokinsa yana jin haushi. Mai laifin ya fito a idon mai karatu tun kashi ɗaya cikin uku na farko. Hujjar ƙarshe ta zama abin taɓawa, kamar rasit, ko bayanan waya, ko jini a but ɗin mota. Kamu kuma aikin mai katin shaida ne. Yawan jefa masanin a hannun mai kisa a babin ƙarshe yana gundura tun daga littafi na uku.

Wajen karatu, tun da ka riga ka karanta uku, koma ka ɗauki na farko don ka ga yadda aka haɗa su, sannan Devil's Waltz don ka ga ilimin asibiti yana jan labari da kansa, sannan The Murder Book. Ka karanta da biro a hannu, duk inda wani ya buɗe baki ka rubuta a gefen shafi wa ya yi tambayar, da wace kalma ya fara ta, da dalilin da ya sa ɗayan bai yi ta ba.